Rabon Mai Kwance

A masana'antar kwalabe da ke bayan layin dogo, babu mai kiranta da sunanta na yanka. Mai Ludayi ake ce mata, tun daga manaja har mai gadin ƙofa, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana amsawa. Ita ce ke tsayawa a tagar kicin da ƙarfe ɗaya na rana, manyan tukwane uku a gabanta, ma'aikata sun yi layi da farantansu na ƙarfe. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, wuta ta daɗe da cinye gashin hannuwanta. Ba ta da yawan dariya, amma ba a raba ta da baƙar magana.

Kamfani ya rubuta a takarda cewa kowa ludayi ɗaya da rabi ne rabonsa. Ita ba ta taɓa bin wannan takarda ba. Rigar mutum take dubawa. Idan daga ɗakin narka gilashi ka fito, inda wuta ba ta mutuwa, rigarka ta manne maka a baya, gishirin gumi ya yi fari a wuyanta, to ludayi biyu cur za ta zuba maka, ta ɗora tsokar nama a kai. Masu lodin akwatuna ma haka. Direbobi ɗaya da rabi. 'Yan ofis masu rigar guga kuwa ɗaya ne babu ƙari, in ɗayansu ya tsaya yana leƙen tukunya sai ta tambaye shi ko biro ne ya yi masa nauyi yau. Sun sha kai ƙararta, ba a taɓa yi mata komai ba, domin tukunyarta ba ta taɓa ƙarewa kafin layi ya ƙare ba, kuma ba a taɓa jin ɗan wuta, wato mai aikin narka gilashi, ya yanke jiki don yunwa ba. Da wannan take tinƙaho a duniya, cewa idonta ya san cikin kowa.

Ba a masana'anta ta koyi wannan awo ba. Tana 'yar shekara goma sha huɗu mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙanne huɗu da tukunya ɗaya. Ƙaraminsu, wanda har ya girma Auta ake ce masa, bai cika shekara biyu ba a lokacin. A bayanta ya yi wayo, daga hannunta ya koyi cin abinci. Shi ya sa a dangi ita ce Yaya, ko ga waɗanda suka girme ta, kuma duk gidan da wani ya kwanta ciwo ita ake tambaya me za a ba shi.

Auta ya tashi dogo, mai damtse, sana'arsa buga kwanon rufi. Ya auri wata malamar firamare, siririya mai sanyin magana, irin matan da sai sun karanta rubutun jikin gwangwani kafin su buɗe shi. Malama kowa yake ce mata. Yaya ba ta ƙi ta ba, amma duk ranar Lahadi in ta kai musu ziyara sai ta wuce kicin ta ɗaga murfin tukunya, sannan ta dawo ta matsa damtsen Auta, ta ce tun da ya yi aure yake zubewa. Wasa take yi. Auta ya yi dariya, Malama ta yi murmushin dole. Shekara shida ana wannan wasa, har dangi suka haddace shi.

Wata safiya raɓa ba ta gama bushewa a kan kwano ba, Auta ya zame daga rufin bene, kansa ya bugu da bulo. Aka yi masa tiyata a ka, ya kwana tara a ɗakin kulawa ta musamman, sannan aka mai da shi babban ɗaki mai gado takwas. Yana numfashi da kansa, amma bai san wanda ke kansa ba. An zura masa siririyar roba ta hanci har zuwa ciki, ta nan ake ba shi abinci.

Nas-nas ɗin ɗakin ba su da yawa, don haka 'yan jinya ake koya wa. Wata nas ta nuna musu sau biyu: garin abinci ne a gwangwani, a ɗebo cokalin awo shida, a shafe kansa, a zuba ruwan da aka tafasa ya huce har ya kai layin da ke jikin kofi, a dama, a ja da babban sirinji, a tura a hankali. Sau shida a yini, kowanne a yi alama a takardar da ke rataye a ƙafar gado. Yaya ta ɗauki hutun da ta yi shekaru ba ta taɓa ba, ta karɓi safe zuwa yamma, ciyarwa huɗu. Malama kuwa lokacin jarrabawa ne, ba a sake ta ba. In an tashi makaranta sai ta zo da jakar takardun yara, ta karɓi biyun da suka rage, ta kwana a kujerar roba.

Ranar farko Yaya ta zuba shida kamar yadda aka ce. Da rana cikin Auta ya ɗan kumbura, wani abu ya dawo ta robar. Washegari ta ji nas tana faɗa wa abokiyar aikinta cewa sukarin jinin mai gado na huɗu, wato Auta, ya hau, a kawo allura. Auta da bai taɓa ciwon sukari ba. Yaya ta tsaya ta dube shi yadda take duban masu layi. Ga mutum kwance, ko ɗan yatsa ba ya motsawa, ko ido ba ya ɗagawa. Ɗan ofis ma ai yana hawa matakala. Ta ce a ranta waɗannan yaran masu farin kaya daga littafi suke awo, kamar takardar kamfani, za su cika wa yaro ciki da abin da ba shi da aikin da zai narkar da shi. Ta ɗebi cokali uku, ta cika ruwa har layi. Launin bai wani bambanta ba. Ta tura, ta yi alama a takarda.

Ba ta ɗauki abin a matsayin ɓoyo ba. Ita ke sayo gwangwanin, ita ke ajiye shi a ƙaramin kabad, babu wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ga abin faɗa ba, kamar yadda ba ta neman izinin manaja kafin ta karkata ludayi.

Auta ya riƙa zubewa. Da farko gefen goshinsa ne ya lotsa, sannan ƙasusuwan wuya suka fito. Damtsen da take matsawa ya zama fata tana lilo. Kullum jikinsa da zafi, zuciyarsa tana bugawa da sauri har ana ganinta a ƙirji, gumi yana keto masa ko da fanka tana kansa. Yaya takan goge shi da tawul, ta sake masa riga sau uku kafin yamma, ta wanke ta shanya a bayan ɗakin, tana zagin zafin gari. A mako na uku wani ciwo ya buɗe masa a kwankwaso, wurin da ƙashi ke gugar katifa.

Gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu, ita ta fara furta abin. Tsohuwa ce mai ƙarfin murya, in ta yi raɗa ana jinta a gado na takwas. Ta ce ai da ma tun yana tsaye da ƙafafunsa yarinyar nan ba ta iya ciyar da shi ba, Yaya ce shaida, balle yanzu da ba shi da bakin ƙorafi. Ta ce an ga Malama tana makin takardu a gefen gado, wa ya sani ko barci ke kwashe ta ta manta. Maganar ta fita daga asibiti ta shiga gidaje. Yaya ta ji. Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma rage ba.

Likitar da ke duba ɗakin mace ce matashiya, tana yawo da tef ɗin awo irin na tela a aljihu. Wata rana ta auna damtsen Auta, ta duba abin da ta rubuta makon jiya, ta sake aunawa. Sai ta ce tana son ganin iyali. Aka shiga wani ɗan ofis mai kujera uku, Gwaggo da Yaya suka zauna, Malama ta tsaya jikin ƙofa da allin makaranta a hannun rigarta.

Likita ta yi bayani a natse. Ta ce mutane suna ganin mai irin wannan rauni a kwance sai su zaci hutawa yake yi, alhali jikinsa bai taɓa aiki irin na yanzu ba. Idan ƙwaƙwalwa ta bugu sosai, jiki yakan ɗauka cewa halaka ta zo, ya saki sinadaran da yake saki lokacin tsananin tsoro, kuma ba ya daina sakinsu har makonni. Su ke sa zuciya gudu, su ke ɗaga zafin jiki, su ke kawo gumin nan. Abin da jiki ke ƙonawa a yini yakan ƙaru da kusan rabi, wani ma ya ninka. In abin da ke shiga ciki bai kai ba, jiki ba ya jira, tsokar kansa yake warwarewa ya ƙona, ta hannu da ta cinya har da wadda ake numfashi da ita. Daga nan ciwo ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Yaya ta tambaya, da muryar da ba ta yi kama da tata ba, to sukarin da aka ce ya hau fa, ba yawan abinci ba ne?

Likita ta ce a'a, tambaya ce mai kyau. Hantarsa ce ke ƙera sukarin da kanta tana zubawa a jini, kuma daga tsokar da aka warware take samun wani ɓangare na kayan haɗin. Jikin kuma ya daina jin maganar sinadarin da ke shigar da sukari inda ake bukatarsa. Shi ya sa ake yin allura, ba a rage abinci. Sannan ta dube ta da fara'a.

"An ce min Mama ke ce mai ciyar da ma'aikatan kwalabe. To kin fi ni sanin wannan. Ki ɗauka ƙanenki yana aiki biyu a jere, babu tashi."

Abin da ya faɗo wa Yaya a rai rigunan da take shanyawa ne a bayan ɗaki. In sun bushe, wani farin layi yakan fito a wuyansu. Ta gan shi kullum, da hannunta ta murje shi. Shekara ashirin da shida tana karanta wannan farin layi a wuyan 'ya'yan wasu.

Likita ta ci gaba da cewa abin da ya ɗaure mata kai shi ne, a lissafinta cokali shida sau shida bai kamata ya bar shi ya zube haka da sauri ba. Za ta ƙara zuwa bakwai, ta kuma sa a yi gwaje-gwaje ko hanjinsa ne ba ya karɓa. Gwaggo ta gyara zama ta ce ba sai an wahalar da na'ura ba, a tambayi mai kwana da shi. Malama ta dubi Yaya, duban mai jiran babba ya sa baki. Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta.

Da yammar nan Yaya ta zuba bakwai. Ta yi haka washegari, da jibi. Ta faɗa wa kanta cewa gyara ya fi magana, in yaro ya murmure ai shi ke nan. Abinci ya daina shiga mata. Takan zauna da farantinta a bencin waje har ƙudaje su gaji su tashi.

Bayan kwana takwas tef ɗin likita ya nuna zubewar ta tsaya. Gwaggo ta ce to ga shi, tun da aka yi magana a gaban likita yarinya ta shiga taitayinta. Yayyen Auta maza biyu suka yi shawara da Gwaggo, suka yanke cewa daga yanzu Yaya ce kaɗai za ta riƙa ciyar da shi, Malama ta zo ta duba mijinta kamar kowa ta koma gida.

Ranar Asabar da rana aka faɗa mata, a barandar asibiti, a gaban kowa. Malama ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin da kofin da cokalin awo, ta durƙusa ta ajiye su a gaban Yaya.

"Ga su, Yaya. Ke kika raine shi. Sai dai ki riƙa ɗaga masa kai kafin ki tura, ya fi karɓa."

Yaya ta dubi cokalin. Ɗan ƙaramin abu ne na roba, shuɗi, bai kai rabin tafin hannunta ba.

"Uku nake zubawa," ta ce.

Babu wanda ya gane. Babban ƙanenta ya ce uku me?

"Cokali uku maimakon shida. Sau huɗu a yini, kwana goma sha tara. Na ga ba ya motsi, na yi masa rabon mai zama. Ita shida take ba shi. Abin da ya riƙe shi ke nan, nata biyun."

Gwaggo ta fara cewa ai kuskure ne, kowa yana yi, a bar maganar a nan kada ta fita. Malama ba ta ko dube ta ba. Tana durƙushe har yanzu, idonta a kan Yaya.

"Ranar da muka shiga wurin likita kin riga kin gane?"

"Na gane."

"Kin kuma ji abin da ake faɗa a kaina."

"Na ji."

Malama ta tattara gwangwanin da kofin da cokalin, ta miƙe, ta koma ɗaki. Lokacin ciyarwa ya yi.

Yaya ta fara da likita, don a daina gwajin hanjin da babu abin da ya same shi. Ta tsaya a ɗan ofishin nan, ta ƙi zama, ta faɗi komai. Likita ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba: ko an ba shi cikakke, da ya rame, domin wannan wutar ba a kashe ta da abinci, rage mata ɓarna kawai ake yi. Amma da bai kai haka ba, ciwon kwankwason ma wataƙila da bai buɗe ba. Nawa ne na raunin, nawa ne na cokalin, babu mai iya rabawa. Ta ce su ma da laifinsu, da suka nuna yadda ake damawa ba su faɗi dalili ba. Yaya ta so a ce an zage ta, da ta fi samun sauƙi.

Sannan ta zauna ta tuno gidajen da maganar Gwaggo ta shiga. Bakwai ta samu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana uku, a ƙafa da motar haya. A kowane gida sai an yi mata tarba irin ta Yaya, an shimfiɗa mata, an tambayi mai jiki, sannan ta buɗe baki ta rushe abin da ta gina tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Wasu suka yi ta ba ta haƙuri kamar ita aka yi wa laifi. Wata 'yar kawunsu, wadda Yaya ta taɓa yi wa faɗa a kan abincin jaririnta, ta saurara da fuskar tausayi, amma idonta yana sheƙi. Gida na ƙarshe na mahaifiyar Malama ne. Tsohuwar ta bar ta a tsaye har ta gama, sannan ta ce ta ji, a gaida mai jiki.

Gwaggo ba ta taɓa ba Malama haƙuri da baki ba. Ta dai aiko mata da sabon filas na ruwan zafi, wanda a wurin Gwaggo babban abu ne.

Malama ba ta kori Yaya daga jinya ba, don babu mai karɓar safiya. Amma ta riƙa auna garin da kanta kafin ta tafi makaranta, ta ƙulla kowace ciyarwa a ledarta daban, ta rubuta lokaci a jiki da jan biron maki. Yaya takan kwance leda, ta juye, ta cika ruwa har layi. Mace mai ciyar da mutum ɗari uku a yini ba a yarda ta riƙe cokali ba, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba.

A wata na uku Auta ya fara bin mutane da ido. Aka cire robar, aka koma ba shi a baki kaɗan-kaɗan. Ya tashi, amma ba duka ba: hannun hagu bai dawo daidai ba, maganarsa tana fita a hankali kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. Rufi ya ƙare masa. Yanzu yana zama a shagon wani abokinsa, yana auna wa mutane ƙusa da kwanon rufi. Damtsen ya ciko, bai kai na da ba.

Malama ta ce ba ita za ta faɗa masa ba, mai abu ta faɗi abinta. Yaya ta yi wata biyu tana ɗagawa. Ranar da ta faɗa, suna zaune a tsakar gidansa, ya saurara har ƙarshe, yana murza hannun hagun da na dama. Ta zaci bai fahimta ba.

"Yaya," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ashe ɗan ofis kika mai da ni."

Ya yi dariya, dariyar da ta karkace gefe ɗaya. Daga kicin aka ji Malama ta yi wani ɗan sauti, ko dariya ce ko tari. Yaya ta so ta taya su, abin ya ƙi fitowa.

Ta koma tagarta a masana'anta, har yau tana nan, 'yan wuta suna samun biyunsu. 'Yan ofis dai sun lura cewa ta daina tambayarsu nauyin biro, in ɗayansu ya miƙo faranti a karo na biyu takan dube shi ta zuba. Ba su san dalili ba, suna cewa tsufa ne.

Ranar Lahadi takan je gidan Auta kamar da. Tana shiga sai ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, jakarta a cinya. Ba ta shiga kicin. Malama ce ke zubawa, ta kawo wa mijinta nasa, ta kawo wa Yaya nata. Wani lokaci Auta yakan miƙo mata damtsensa don tsokana, ya ce ta duba ko ya zube. Sai ta ce ya ci abincinsa kada ya huce.